Lambar tagulla ta Baba: yadda aikin ke tafiya

9 ga Janairu

To yau dai Allah ya nufa na fara. Tun watan Agusta nake cewa gobe gobe, sai ɗazu bayan an tashi daga aiki na ɗauko wani ɓallin allon dutse baƙi da na tsinta a bayan shago, na wanke shi, na zana da'ira mai faɗin santimita 9, na narka kakin zuma na malala a ciki. Abin da nake so in yi shi ne lambar tagulla, irin wadda mutanen nan ke kira medaglia, zagayayya mai fuska biyu kamar kwabo amma ta fi kwabo girma da kauri nesa ba kusa ba, kuma ba kuɗi bace, ba a sayen komai da ita. Ta zubi nake so, irin yadda ake yi a Italiya shekara 500 da suka wuce.

Baba zan yi wa. Ba mahaifina ba, tsohon da nake aiki a hannunsa ne a gidan zubi a nan Pietrasanta, kowa Maestro yake ce masa ni kuwa tun zuwana bakina ya kama Baba, shi ma ya saba har yana amsawa. Ƙarshen Yuni zai ajiye aiki. Ya haura shekara 50 a gaban wuta, kuma abin da ke cina a rai shi ne babu ƙarfe ko ɗaya a duniya da ke ɗauke da sunansa. Mai zane zai zo daga Jamus ko Amurka da ɗan samfurinsa na laka, mu za mu ɗauki siffa, mu yi kaki, mu gina masa riga, mu narka, mu zuba, mu yi walda, mu goge, mu ba shi launi, ranar ƙarshe mai zanen ya zo ya sa hannu a gindin aikin a ɗau hoto. Haka sana'ar take, ban ce an zalunci kowa ba. Ni dai ina so kafin tsohon nan ya koma gida a ce ga abu guda da sunansa a jiki.

Bai sani ba. Nace masa gwaji nake yi.

15 ga Janairu

Akwai wata durowa a ɗakin Baba da ba kowa yake buɗe wa ba, daga nan tunanin ya zo min. A ciki lambobi ne sun kai 20, kowacce a naɗe cikin tsumma. Babu ta asali ko ɗaya, shi da bakinsa ya faɗa, duk zubin baya ne, wato an ɗauki tsohuwar lamba an danna a yashi an sake zubawa, wasu ma jikokin jikoki ne. Yau da azahar ya fito da su muka baje a tebur.

Babbar cikinsu ta Pisanello ce, mai zanen Italiya da ya buɗe ƙofar yin irin waɗannan lambobi. A 1438 aka yi babban taron shugabannin coci a Ferrara, na gabas da na yamma, zamanin Fafaroma Eugenius na 4, har sarkin Rumawan gabas John Palaiologos na 8 ya taso daga birninsa, Istanbul ta yau, ya zo da kansa saboda Turkawa sun matsa masa yana neman agaji. Pisanello ya gan shi da gemunsa mai tsini da wata doguwar hula mai baki a gaba, ya zana shi, ya zuba shi a lamba mai faɗin kamar santimita 10, a baya kuma ga sarkin a kan doki. Abin da ya tsaya min a rai rubutun bayan ne, OPVS PISANI PICTORIS, aikin Pisano mai zane. Sarki a gaba, mai aikin hannu a baya, duk a ƙarfe ɗaya, duk inda ɗaya ya je ɗayan na biye dashi.

Amma wadda na fi daɗewa ina juyawa ƙarama ce, kusan santimita 4, ta Kadinal Ludovico Trevisan, Kadinal wato babban limamin coci na ƙasa da Fafaroma. Fuska a murtuke, kana gani ka san ba mai wasa bane. Likita ne tun farko, ya shiga aikin coci, ya zama kuma kwamandan yaƙi, shi ya ja rundunar Fafaroma a yaƙin Anghiari a 1440, bayan nasarar aka naɗa shi Kadinal, ga dukiya kamar ƙasa. Mai zane Mantegna ma ya zana hotonsa, yana Balin yanzu. A bayan lambar jerin gwanon mayaƙa ne da dawakai da rubutu wai an dawo da martabar coci. Wanda ya yi ta Cristoforo di Geremia ne mutumin Mantua, yaron gidan Kadinal ɗin. To Trevisan ba sa ga maciji da wani Kadinal, Pietro Barbo, sai gashi a 1464 Barbo ya zama Fafaroma Paul na 2, a 1465 Trevisan ya mutu, Cristoforo kuwa ya tattara kayan aikinsa ya koma gidan abokin gabar maigidansa ya ci gaba da zuba lambobi, har shi aka ba gyaran tsohon dokin tagullan nan na Marcus Aurelius, sarkin Rum na da. Na tambayi Baba ko wannan ba cin amana bane. Yace yaro na, wanda ya mutu ya daina biyan kuɗin gawayi.

Ya kuma koya min wani abu da ma'aunin kauri. Tagulla tana tsukewa in ta huce, don haka duk zubin baya sai ya ɗan gaza uwarsa, kaɗan ne, amma in aka yi sau uku sau huɗu za ka ga faɗin ya ragu, haruffa sun yi laushi kamar sabulun da aka yi wanka dashi. Da haka masana ke gane tsohon zubi da na baya.

26 ga Janairu

Sanyi ya hana ni sakat. Kakin ya ƙame ƙam, da na sa ƙarfe sai ya tsage maimakon ya bi hannu. Na sake narkawa na ƙara ɗan kitse da ɗan man tafentin, na zuba jan garin ƙasa don in riƙa ganin inuwa, farin kaki yana ɓoye kuskure. Yanzu ina ajiye fitila kusa da allon, in ɗuma ƙarfen a kai kafin in taɓa.

Haruffa su ne wahala. Ina murza kaki siriri kamar taliya in yanka in ɗora ɗaya ɗaya. Sauƙin da na samu shi ne a lambar zubi daidai ake rubutu, yadda za a karanta, ba a juye ba. Duk da haka harafin R kaɗai ya ci min dare guda.

8 ga Fabrairu

Na tsayar da zane. Baba ba ya son hoto, ko waya ka ɗaga sai ya juya maka ƙeya, don haka ba zan sa fuskarsa ba. A gaba awartakinsa zan sa da tukunyar narki, da sunansa a kewaye, da kalma ɗaya, FONDITORE, mai zubi. A baya kuwa gada.

Dalilin gadar shi ne Baba haifaffen Trastevere ne a birnin Rum, kuma in ya fara labarin yarinta to sai gadar Ponte Sisto ta shigo, ta nan suke ƙetare kogin Tevere su shiga cikin gari. Ita ma gadar tana da lambarta tun ran da aka sa harsashinta. Fafaroma Sixtus na 4 ne ya gina ta, wanda ɗakin ibadar nan na Sistina ke ɗauke da sunansa. A shekarar babbar ziyara ta 1450 an yi turmutsitsi a gadar Sant'Angelo, mutane kusan 200 suka mutu, wasu an tattake su wasu sun faɗa ruwa, saboda kusan duk mai zuwa wajen cocin Bitrus ta nan yake bi. Da ziyarar 1475 ta gabato sai Sixtus ya sa a tayar da wata tsohuwar gadar Rumawa da ta karye. Ranar 29 ga Afrilu 1473 ya sauka bakin kogin da kansa aka kafa dutsen farko, aka binne lambobi masu fuskarsa a ƙarƙashi.

Lambar gadar da aka sani, fuskar Sixtus a gaba, gada a baya da rubutu CVRA RERVM PVBLICARVM, kula da al'amuran jama'a, ana danganta ta ga wani da ake kira Lysippus ƙarami, ɗan ɗan'uwan Cristoforo ɗin can na Trevisan. Lysippus fa ba sunansa na yanka bane, sunan wani gwanin Girka na da can ya ara ya laƙaba wa kansa, sunan aron ne ya bi shi har yau. Ya yi wa ma'aikatan fadar Fafaroma lambobi da yawa, sakatarori da malamai da matasan da ke neman suna, kuma masana suna yaba haruffansa ƙwarai, ni ma da na sa gilashin ƙara girma a hoton aikinsa na dawo na kalli nawa sai na kankare layi guda na sake.

23 ga Fabrairu

Jiya na je Rum. Kusan awa 4 a jirgin ƙasa, na tafi da littafin zane da fensir, don na gane daga hoton waya ba zan iya ba, hoto yana baje komai.

Na sauka matakala har bakin ruwa na zauna ƙasan gadar. Baka huɗu gare ta, a tsakiya kuma sama da ginshiƙi akwai wata ƙatuwar ɓula zagayayya da mutanen Rum ke kira occhialone, an yi ta ne don in kogi ya cika ruwa ya samu hanya kada ya ture gadar, kuma mutanen da can da ita suke auna ambaliya, in ruwa ya kai idon to a fara kwashe kaya. A zanena na gida na yi ɓular ƙarama sosai kuma na ɗaga ta sama. Na kuma lura bakunan ba layi ɗaya bane kawai, kowanne yana da leɓe na farin dutse da ya ɗan fito, shi ke kama haske. Wannan leɓen in babu shi a lamba gadar za ta zama kamar an huda biredi. Awa biyu na yi a wurin, yatsuna har sun daina jin fensir.

Da na hau saman gadar, yanzu ta masu ƙafa ce kawai mota ba ta bi, sai ga ƙubbar cocin Bitrus can gaba. Na tsaya ina kallo ina tuna wata lamba da ke durowar Baba, ta Fafaroma Julius na 2. Shi ɗan ɗan'uwan Sixtus ne, gidan della Rovere, kuma ya gaji halin binne lamba. Ranar 18 ga Afrilu 1506 ya sauka cikin rami mai zurfi aka kafa harsashin sabon cocin, aka sa lambobi 12 a tukunya aka binne. Caradosso ne ya yi lambar, maƙerin zinariya da ya zo daga fadar Milan. A bayanta an zuba ginin yadda magini Bramante ya tsara shi, ƙubba mai faɗi a tsakiya da hasumiya biyu a gefe. To ginin nan da ke jikin lambar ba a taɓa gina shi haka ba. Julius ya mutu a 1513, Bramante ya bi shi a 1514, aiki ya yi ta canza hannu har ya zo kan Michelangelo, ƙubbar da nake kallo sai 1590 aka rufe ta, cocin kuma sai 1626 aka keɓe shi, shekara 120 cif. Wato wanda yake son ganin abin da ke kan Bramante a 1506, ɗan ƙarfen nan da bai kai santimita 6 ba yana cikin manyan shaidunsa. Kuma Caradosso bai tsaya kan Fafaroma ba, ya yi wa Bramante kansa lamba, fuskar magini a gaba kamar wani sarki. Wannan ya ƙara min ƙarfin gwiwa wallahi, ashe tun a lokacin mai aikin hannu yana yi wa ɗan'uwansa.

Kafin jirgi na biya ta Palazzo Venezia, gidan da Pietro Barbo ya fara ginawa a 1455 tun yana Kadinal. Mutum ne mai son tara tsofaffin kuɗin Rumawa da duwatsu masu sassaƙa, ya ga yadda sarakunan da suka mutu shekara dubu da wani abu suke fitowa daga ƙasa da fuskarsu da sunansu, shi ma ya so haka. Ya sa aka riƙa zuba lambobinsa a 'yan tukwanen ƙasa kamar asusun yara ana toshewa cikin bango, an kuma yi ta tono su daga baya lokacin gyare gyare. Na tsaya ina kallon bangon ina tunanin wataƙila har yanzu akwai asusun da ba a fasa ba a ciki.

9 ga Maris

Na rushe gadar na sake ta daga farko. Sati biyu. Yanzu ɓular ta zauna inda ya kamata, na yi wa bakuna leɓe, ruwan kuma layi uku ne kawai masu lanƙwasa, da na yi bakwai ya zama hayaniya. Baba ya leƙo ya gani, ya yi shiru, ya sa farcen ɗan yatsa ya nuna ginshiƙin hagu yace a nan muke tsalle mu faɗa ruwa, uwata ta yi ta dukana a kai. Bai ce ta yi kyau ba, amma ya gane wurin. Fuskar gaba tana ɗakina a gida ƙarƙashin gado, ba ta zuwa shago.

Na ɗauki siffar fuskokin biyu da filasta na fitar da samfuri mai tauri wanda zai jure danni. Sai maganar yashi. A nan na kira Baffa a Kano, don ni a hannunsa na fara ganin zubi, tukwanen alminiyon yake yi da gwangwani da tsofaffin fistin na mota, ina ɗan shekara 10 ni ke tankaɗe masa yashi. Bayan gaisuwa nace Baffa yashin nan nawa yana manne wa samfuri, haruffa suna ɓarewa. Yace ka damƙa a hannunka ka matse, in ka buɗe ya riƙe shatar yatsunka, ka karya shi biyu, in ya karye tsaf ba ya zuba to ya yi, in ya bar maka danshi a tafi ruwa ya yi yawa. Yace kuma ka barbaɗa garin gawayi mai laushi a fuskar kafin ka danna, a tsumma za ka ɗaure ka riƙa kaɗawa. Nace to Baffa, Allah ya ƙara girma. Yace wai duk Turai babu mai gaya maka wannan, nace akwai, naku nake so in ji.

Na gwada, ya saki tsaf, sai harafin O guda biyu da cikinsu ya cire. Gefen haruffan ne ya miƙe sosai, dole in ɗan kwantar da su don yashi ya samu hanyar fita.

16 ga Maris

Gwajin dalma. Tana narkewa a digiri 327 kawai, ko a kan ƙaramin murhu, kuma tana shiga kowane lungu, shi ya sa tun zamanin su Pisanello ake zuba lambobi da ita, wasu daga cikin mafi kyawun da suka rage ma na dalma ne. Na yi a waje da takunkumi da safar hannu, hayaƙinta guba ne. Ta fito kyau har na ji daɗi, sai dai fuskokin biyu sun goce da kamar milimita 2, baki ya yi tudu a gefe ɗaya. Na sa wa akwatin yashin ƙusoshi biyu na saiti.

30 ga Maris

Zubin tagulla na farko ya lalace.

Asabar ce Baba ba ya nan, ni da abokin aikina ɗan Senegal muka yi, shi kaɗai ya san sirrin. Jan ƙarfe kashi 9 kuza kashi 1, muka kai wuta wajen digiri 1100, na kwashe dattin sama, na zuba. Da muka buɗe sai ga rami a tsakiyar gadar daidai kan ɓular nan, ƙarfen ya lotsa ciki kamar an danna da babban yatsa, sannan haruffa uku na ƙarshen FONDITORE ba su cika ba. Na zauna a kan bokiti na daɗe ban ce komai ba, wata uku na aiki.

Da na huce na juya ta na gane. Tukunyar narkin da na yi a gaba ita ce wuri mafi tudu, kuma ta faɗo daidai bayan tsakiyar gadar, shi ma wuri mai tudu. Kauri ya haɗu da kauri, gefe ya riga ya daskare tsakiya na nan da zafi, da ta zo tsukewa babu inda za ta jawo ƙarfe sai ta jawo fuskar. Ran Litinin na koma durowar Baba na riƙa kama lambobin tsakanin yatsa biyu ina shafawa, sai na ji a da yawa daga cikinsu inda kai ya yi tudu a gaba to bayan ba shi da nauyi a wurin. Shekara biyu ina kallon lambobin nan ban taɓa lura ba sai da tawa ta lotsa. Zan rage tudun tukunyar da rabi, in matsar da ita ƙasa, in faɗaɗa bakin zuba, in ƙara hanyar iska biyu ta wajen haruffan.

6 ga Afrilu

Ina gyaran kakin gadar yau Baba ya zo da wata lamba yace rufe idonka. Ya sa min a hannu. Sumul, haruffa ƙanana masu kaifi, ba irin laushin zubi ba. Yace wannan uwarta ta bugu ce. Ita ta bugu ana sassaƙa zanen ne a juye cikin ƙarfe mai tauri, guda biyu, a sa fallen zinariya ko azurfa ko tagulla a tsakiya a matse da ƙarfi, kamar kuɗi, ana iya fitar da ɗari duk iri ɗaya. A ƙarni na 16 fadar Fafaroma ta fi karkata can.

Ta Fafaroma Clement na 7 ce, aikin maƙerin zinariya Benvenuto Cellini na 1534. Clement ya ga tashin hankali, a zamaninsa sojojin sarki Charles na 5 suka wawashe Rum a 1527, ya ɓuya a ganuwar Sant'Angelo, shi Cellini ma yana ciki yana harba igwa, daga baya Fafaroman ya gudu Orvieto. A can ya sa Antonio da Sangallo ƙarami ya haƙa wata rijiya mai zurfin fiye da mita 50 da matakala biyu masu naɗe juna, masu sauka da jakuna daban masu hawa daban, don kada ƙishirwa ta ci garin in an kewaye shi. Cellini ya yi wa lambar baya iri biyu, ɗaya ta zaman lafiya ana ƙona makamai, ɗaya kuma ta tunawa da rijiyar da rubutu VT BIBAT POPVLVS, domin jama'a su sha.

Cellini ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa da ya kai aikin, Fafaroma na kwance ciwo ya ci ƙarfinsa, ya sa aka kawo masa tabarau da kyandir amma bai iya ganin komai ba, sai ya riƙa shafawa da yatsa, ya yi dogon numfashi, bayan kwana uku ya mutu. Baba yana ba ni labarin yana shafa tasa da babban yatsa, kuma na san idonsa na hagu ya kusa tafiya, shi ne ma dalilin ajiye aikin. Da na koma gida na ciro fuskar gaba na rufe ido na bi sunansa da yatsa. Haruffa biyu ba sa rabuwa da juna a hannu. Na ƙara musu tazara na ƙara musu tsayi kaɗan.

20 ga Afrilu

Abin da nake ta juyawa kwanakin nan, in sa sunana ko kar in sa.

Leone Leoni, wani mai yin lambobi, shi ya jawo min tunanin. Mutum ne mai zafin kai, a 1540 ya sari mai kula da kayan adon Fafaroma a fuska aka yanke masa hukuncin tuƙa jirgin yaƙi da sarƙa a ƙafa, sai Andrea Doria babban kwamandan ruwa na Genoa ya sa baki aka sake shi. Ya yi wa Doria lamba ta godiya, a baya ya sa fuskarsa shi kansa da sarƙa kewaye da ita, bai ɓoye ba. Daga baya ya samu iyayen gida manya, har da Granvelle wanda ya zama Kadinal, ya yi masa lambobi. Da Fafaroma Pius na 4 ya so a gina wa ɗan'uwansa kabari a babban cocin Milan, Leoni aka ba, kuma Michelangelo na cikin waɗanda suka tsaya masa. Sai Leoni ya yi wa tsoho Michelangelo lamba ya aika masa a 1561. A jiki an rubuta shekarunsa 88 alhali an haife shi a 1475, bai kai ba, an yi masa ƙari. A baya wani makaho ne da sanda kare na yi masa jagora, da aya daga Zabura. Michelangelo ya ji daɗinta har ya ba Leoni wani samfurin kaki na hannunsa tukwici. A ƙarƙashin kafaɗar tsohon kuma Leoni ya sa LEO, ƙanana, sai ka karkata ta ga haske.

Ɗan Senegal yace in sa, ai Baba zai so ya san hannun wa. Ni kuma ina jin nauyi, kamar na raɓa kaina a abin da nace nasa ne. Abin da na yanke a yanzu, harafi biyu ƙanana a ƙarƙashin ruwan gadar, a baya, gaba kuwa nasa ne shi kaɗai.

4 ga Mayu

Alhamdulillahi. Jiya muka sake zubawa, akwati biyu na shirya saboda tsaro. Na busar da yashin da wuta sama sama, na ɗuma akwatin, na jingina shi a karkace yadda ƙarfe zai gangara ba faɗowa ba. Na farko ya fito da 'yan ƙuraje a sararin saman gadar, iska ce ta maƙale. Na biyu kuwa da na kaɗe yashin da buroshi sai ga ɓular nan zagayayya tsaf, bakuna huɗu da leɓensu, na juya, sunan Baba ya cika harafi bayan harafi, FONDITORE har E ta ƙarshe. Hannuna rawa yake. Ɗan Senegal ya karɓa da awartaki ya tsoma a ruwa ya miƙo min, na auna, ta gaza samfurin da milimita ɗaya da ɗan wani abu, yadda Baba ya faɗa.

Saura aiki da yawa. Zan yanke bakin zuba da zarto in bi gefen da magagari, akwai wani ɗan ƙari a hannun awartakin da sai na sassaƙe, amma ba zan goge fuskar ta yi sheƙi ba, ina son a ji yashin a jiki kamar na da. Sai launi, ina tsakanin ruwan ƙasa mai duhu da mai ɗan ja, zan gwada duka biyun a kan mai ƙurajen tukuna, rabi da rabi, in shafa kaki in ajiye sati guda a taga in ga wanda ya zauna. Ban samo akwatin da zan sa ta ba, akwai wani kafinta a layinmu da yace in kawo masa awo ran Laraba yana da guntun itacen zaitun.